Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Ku Daina Ɗora wa Yaran Nan Laifi

Zuwa ga Mista Charlie Baker, shugaban NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, da shugabannin manyan rukunan jami'o'in da ke gasa a tsakaninsu, wato Mista Greg Sankey na rukunin SEC, da Mista Tony Petitti na Big Ten, da Mista Brett Yormark na Big 12, da Mista Jim Phillips na ACC, da shugabannin jami'o'in da ke sa hannu a kan duk abin da waɗannan suka ƙulla.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mai rubuto muku ɗan kallo ne kawai, ɗaya daga cikin dubban da ke cika muku filayen wasa ran Asabar, tun daga zafin ƙarshen Agusta har zuwa sanyin Nuwamba. Karatu ne ya kawo ni Amurka, ƙwallonku ta zari-ruga kuma ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba. Na san da wuya wasiƙar da aka rubuta da Hausa ta iso teburinku. Ba komai. Masu karanta ta sun san ciwon ƙwallo, sun kuma san abin da ke faruwa idan kuɗi ya shiga tsakanin ƙungiya da magoya bayanta.

Tun daga 2021 kunnuwanmu ba su huta da kukanku ba. Wai wasa ya lalace. Wai yaran yanzu ba su da amana, kowa kuɗi yake nema, wanda aka taya da tsada sai ya tattara nasa ya nasa ya bar makaranta. Kun yi ta safa da marwa zuwa Washington kuna roƙon Majalisa ta yi muku doka ta musamman, wadda za ta kare ku daga shari'a, ta kuma tabbatar a rubuce cewa ɗan wasa ba ma'aikaci ba ne. Lalacewar kam ni ma na gan ta, kuma tana yi mini ciwo fiye da yadda take yi muku. Amma laifi tudu ne, kun taka naku kuna hango na yara. Ku kuka kai wasan nan kasuwa, kuka shafe shekara 40 kuna yanka shi gunduwa-gunduwa kuna sayarwa. Sai da masu zufar suka miƙo hannu, sannan kuka tuna wai akwai wani abu mai tsarki da kuɗi zai ɓata.

Mu koma baya kaɗan, kada a ce ƙazafi nake yi muku. An kafa hukumarku a 1906, bayan kakar 1905 wadda ƙwallon nan ta kashe aƙalla mutum 18 a faɗin ƙasar, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce lallai a gyara. Kare ran ɗan wasa shi ne dalilin haihuwarku. Shekara 50 bayan nan, a 1955, wani ɗan wasan kwalejin Fort Lewis ta jihar Colorado mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon raunin da ya ji a ka yana tsakiyar wasa. Matarsa ta nemi diyyar da ake biyan iyalin ma'aikaci idan ya mutu a bakin aiki. Kotun ƙolin jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A wannan zamanin ne babban daraktanku na farko, Walter Byers, ya fito da laƙabin ɗalibi ɗan wasa, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya cewa an ƙirƙiro shi ne don a toshe irin wannan ƙarar. Kent Waldrep na jami'ar TCU, wanda ya karye a wuya a wasansu da Alabama a 1974 ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, shi ma ya yi shekara da shekaru yana shari'a, wannan bangon ya ci karo da shi.

To yaushe aka kai wasan kasuwa? A 1984. Kafin nan NCAA ce ke riƙe da haƙƙin haska wasanni a talabijin, ita ke iyakance sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, suka ce wannan babakere ne, Kotun Ƙoli kuma ta ba su gaskiya da alƙalai 7 a kan 2. Ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi yarda shi ne Mai Shari'a Byron White, wanda shi kansa tsohon tauraron ƙwallon nan ne a jami'ar Colorado, ya san abin da yake hangowa. Ku lura da wanda ya shigar da ƙarar. Babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki. Jami'o'i ne suka je gaban alƙali suka ce ƙwallonmu haja ce, a bar mu mu sayar da ita ga wanda ya fi tayi. Dokar hana babakere da ta buɗe muku wannan ƙofar, ita ce dai yaran suka ɗauka daga baya, ita ce kuma yanzu kuke roƙon Majalisa ta keɓe ku daga cikinta.

A tsawon shekarun da kuɗin talabijin ke kwararowa, kun san abin da kuka yi wa yaran da suka taɓa ko da ɓurɓushinsa. Reggie Bush na jami'ar USC ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa a 2005. Saboda shi da iyalinsa sun karɓi alheri daga wasu dillalai, a 2010 kuka hana jami'arsa wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, kuka rage mata guraben tallafin karatu 30, shi kuma ya mayar da kofinsa. Ba a dawo masa da shi ba sai a 2024. Na Ohio State ya fi ba ni haushi. A Disambar 2010 aka dakatar da 'yan wasa biyar, har da mai jefa ƙwallonsu Terrelle Pryor, saboda sun sayar da zobba da riguna da lambobin yabo, kayansu na kansu da aka ba su, sun kuma samu rangwame a wurin mai zanen jiki. Hukuncin wasa biyar ne, amma aka ce sai kaka mai zuwa zai fara aiki, domin akwai babban wasan Sugar Bowl a watan Janairu, an sayar da tikiti, an sayar da talla. Ashe tsarkin wasa yana iya jira idan akwai kuɗi a gaba.

Kuma don Allah ku daina yin magana kamar ku kuka ga dama kuka yi wa yaran nan adalci. Duk abin da suka samu, ƙwatarsa aka yi. Ed O'Bannon, tsohon ɗan ƙwallon kwando na UCLA, ya ga surarsa a wasan bidiyo ana sayarwa ba a ba shi ko sisi ba, ya kai ƙara a 2009, Mai Shari'a Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. Jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta bar 'yan wasan jami'a su ci moriyar sunansu a 2019 kuna ta kashedi. A watan Yunin 2021, a shari'ar Alston da 'yan wasa suka shigar a kanku, alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka kayar da ku, kotun da ba kasafai alƙalanta ke haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da cewa irin tsarin kasuwancinku haramtacce ne ƙarara a kusan kowace sana'a a Amurka. Kwana goma bayan nan, ran 1 ga Yuli, kuka bar 'yan wasa su ci moriyar sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL, ba tare da kun shirya wata ƙa'ida ta kirki ba, domin kun ɓata shekarun shiri a zauren kotu. Ruɗanin da ya biyo baya, na ƙungiyoyin attajiran tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗi su sayi 'yan wasa da sunan talla, girbin abin da kuka shuka ne.

Sai kuma sulhun shari'ar House, wata ƙarar da 'yan wasa suka shigar suna neman haƙƙinsu, sulhun da Mai Shari'a Wilken ta amince da shi ran 6 ga Yunin 2025. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 a cikin shekara goma, kowace jami'a kuma za ta iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kuɗi ne mai yawa, ban musa ba. Amma kashi 22 cikin 100 ne na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i, alhali a gasar ƙwararru ta NFL 'yan wasa na ɗaukar kusan kashi 48. Ku ajiye wannan kusa da abin da ke shigowa. Big Ten ta sayar wa Fox da CBS da NBC wasanninta na shekara bakwai a kan sama da dala biliyan 7. Tashar ESPN za ta biya dala biliyan 7.8 a shekara shida don gasar sili-ɗaya-ƙwale ta fitar da zakara ita kaɗai. Kun daɗe kuna cewa ai an ba su karatu kyauta. Labarin uban gidan nan ne da yaro ya yi wa shekaru a shago, ya ɗauki kaya, ya kwana gadi, ya tara masa dukiya, ranar sallama ta zo ya ce ai na koya maka sana'a.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi cin raina, domin kuɗin 'yan wasa ko kaɗan bai rage mini daɗin kallo ba. Abin da ya rage shi rushe gidaje ne. Rukunin Pac-12 ya samo asali tun 1915. Ran 30 ga Yunin 2022 USC da UCLA suka sanar za su koma Big Ten. Ran 4 ga Agustan 2023, a yini guda, Oregon da Washington suka bi su, Arizona da Arizona State da Utah kuma suka bi Colorado zuwa Big 12. Stanford da Cal, da ke bakin Tekun Fasifik, suka tsinci kansu a ACC, rukunin gabar Tekun Atlantika. SMU, wadda kuka taɓa rufe wa ƙungiya ɗungurungum a 1987 saboda biyan 'yan wasa a ɓoye, ta shiga ACC bayan ta yafe kason talabijin na shekara tara, attajiranta suka ce za su cike gurbin. Aka bar Oregon State da Washington State a kango, ba don sun yi wani laifi ba, sai don garuruwan Corvallis da Pullman ƙanana ne, ba su da yawan akwatunan talabijin. A duk wannan cinikin babu yaro ɗan shekara 19 da ya sa hannu. Shugabannin jami'o'i ne, masu digirin digirgir, waɗanda ke mana lacca a kan amana.

Kun tsaya kun auna abin da wannan yake nufi ga ɗalibin da kuke iƙirarin karewa? Daga Los Angeles zuwa jami'ar Rutgers a New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, da bambancin agogo na awa uku. 'Yan zari-ruga da sauƙi, wasa ɗaya suke yi a mako, jirgin shata ke ɗaukarsu. Amma 'yan matan ƙwallon raga fa, da 'yan ƙwallon ƙafa, da sauran masu wasa a tsakiyar mako? Yarinya ta gama wasa daren Alhamis a wancan bakin ƙasar, ta kwana a hanya, ta sauka da jarrabawa a gabanta. Ita ba ta ga ko ƙyallin kuɗin talabijin ɗin da aka jawo ta cikinsa ba.

Kun san me ya sa mutum dubu 107 ke cika filin Michigan, ko me ya sa filin Nebraska ke zama gari na uku mafi yawan jama'a a jihar ran wasa, kuma tun 1962 tikitinsa bai taɓa kwantai ba? Ba ƙwarewa ba ce. Mai son ƙwarewa ya jira Lahadi ya kalli NFL. A garin da na yi karatu, tun asuba ran Asabar ake jera motoci a filin ajiye su, kowa ya buɗe bayan motarsa ya kafa murhu, hayaƙin gashi ya turnuƙe unguwa, baƙo ma sai an miƙo masa faranti. Akwai wani dattijo maƙwabcina da ke zama a kujerar da mahaifinsa ya zauna, layi ɗaya, lamba ɗaya. Ba ya iya kawo sunayen rabin 'yan wasan bana, amma zai ba ka labarin wasan da aka yi cikin dusar ƙanƙara kafin a haife ni, da wanda ya faɗi, da abin da mahaifinsa ya ce a mota a hanyar komawa gida. Idan 'yan badujala suka fito daga ramin shiga fili suna kaɗa taken makaranta, sai ya cire hularsa a cikin wannan sanyin, hancinsa na yoyo, yana bin su da baki. Wannan mutumin shi ne jarinku. A Iowa, tun 2017, idan aka gama zangon farko na wasa, duk filin kan juya ya ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin da ke kallon filin hannu. Akwai jami'o'in da ke kashe kansu kowace shekara a kan tulu, ko gatari, ko tsohon bokiti, ko gunkin alade na tagulla. Babu kwamitin talla da ya ƙirƙiro waɗannan, gado ne kuka tarar.

Kuma gadon kuke ci. Oklahoma da Oklahoma State sun fara karawa a 1904, kafin ma yankin ya zama jiha. A Nuwambar 2023 suka yi wasan ban kwana, Oklahoma State ta ci 27 da 24, domin Oklahoma ta bi Texas zuwa SEC. Texas da Texas A&M sun yi shekara 12 ba su haɗu ba bayan 2011. Kansas da Missouri ma sun yi shekaru ba su haɗu ba, Pitt da West Virginia haka. Wasan hamayyar Washington da Washington State, da aka saba rufe kaka da shi, an mayar da shi Satumba kamar wasan share fage. Kuna cewa kun ba mu manyan wasanni a madadinsu. Oregon da Ohio State wasa ne mai kyau, na kalla, na ji daɗi. Amma washegari babu wanda zan tsokana a wurin aiki, domin mai goyon bayan wancan ɓangaren yana can wata duniya. Daɗin hamayya ai maƙwabtaka ce, a ce surukinka ne zai kwana da baƙin ciki.

Sai maganar amana, wadda kuka fi son yi. A Afrilun 2025 Nico Iamaleava ya bar Tennessee bayan rahotannin taƙaddama a kan kuɗi, aka yi masa ca kamar ya ci amanar ƙasa. To, a Nuwambar 2021 Brian Kelly ya bar Notre Dame tana da nasara 11 da rashin nasara ɗaya, tana sa ran shiga gasar fitar da zakara, ya karɓi kwantiragin dala miliyan 95 a LSU, 'yan wasansa kuma a kafafen sada zumunta suka fara jin labari. A wancan makon dai Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya tafi USC. A ƙarshen Nuwambar 2025 Lane Kiffin ya bar Ole Miss, daidai lokacin da za ta shiga gasar fitar da zakara karon farko a tarihinta, shi ma ya nufi LSU, wadda ta kori Kelly ɗin nan wata guda kafin nan. Waɗannan duka an ce sun yi wa iyalinsu dabara. Shi kuwa ɗan wasa, har zuwa 2021, idan ya sauya makaranta sai ya zauna kaka guda a benci, ko da kocin da ya zauna a falon mahaifiyarsa ya yi mata alkawari ya riga ya yi gaba.

Idan kun ce babu kuɗi, sai in tuna Texas A&M, da ta amince ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don kawai ya daina zuwa aiki. Kuɗin sallamar mutum ɗaya ya ninka abin da aka yarda jami'a ta raba wa dukan 'yan wasanta a shekara fiye da sau uku. Georgia na biyan Kirby Smart dala miliyan 13 a shekara. A yawancin jihohin Amurka, ma'aikacin gwamnati mafi tsadar albashi koci ne. Ban taɓa jin kun je Majalisa kun nemi a sa wa wannan iyaka ba.

Mu 'yan kallo kuwa, an mayar da mu kayan adon talabijin. Sau da yawa ba a faɗin ƙarfe nawa za a fara wasa sai saura kwana 12, wani lokacin shida, sai gidajen talabijin sun gama zaɓe. Mutumin da zai tuƙo mota awa biyar da 'ya'yansa bai san ko da rana zai zo ko da dare ba. Ga mutumin nan mai jar hula da ke shigowa fili ya tsaya, 'yan wasa su yi cirko-cirko, dubban mutane su daskare a sanyi, har sai an gama tallar mota da inshora. A 2023 kuka sauya dokar agogo wai don a rage tsawon wasa, wasan kuka rage, tallar tana nan. Ana kai wasu wasannin manhajar Peacock ta biyan kuɗi, dattijon da ya yi shekara 50 yana goyon baya ya rasa inda zai kalla. Ƙananan jami'o'in rukunin MAC na wasa daren Talata da Laraba a Nuwamba a gaban kujeru wayam. Daren Juma'a, da aka sani na 'yan makarantun sakandare ne, shi ma kun shiga. Tennessee kuma ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tikiti ta ce na biyan 'yan wasa ne, don dai ɗan kallo ya ji haushin yaro a maimakon ofis.

A 2023 Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kofin rukuninta, kwamiti ya zauna a ɗakin otal ya ce ba za ta shiga cikin ƙungiyoyi huɗun gasar fitar da zakara ba, saboda mai jefa ƙwallonta Jordan Travis ya karye a ƙafa. Kun faɗaɗa gasar zuwa ƙungiya 12 a 2024, madalla. Amma a sabon rabon, Big Ten da SEC kaɗai za su kwashe kusan kashi 58 cikin 100 na kuɗin, har an kawo shawarar a ware wa kowannensu kujera huɗu tun kafin a taɓa ƙwallo. Masu karanta wannan wasiƙa sun san irin wannan tunanin. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka ce za su kafa gasar da ba a faɗuwa daga cikinta, magoya baya a Ingila suka fito kan titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje. Ku naku kuna gina shi a hankali, tubali bayan tubali, don kada a samu ranar da za a ce yau ce aka yi juyin mulki. Amma ran 1 ga Satumbar 2007, da ƙaramar Appalachian State ta je har gida ta doke Michigan 34 da 32, ita ce ranar da har yau ake ba da labari. Idan kun rufe ƙofa, irin wannan ranar kuka kashe.

Ban ce komai daidai yake a ɓangaren yara ba. Akwai dillalai marasa tsoron Allah da ke yaudararsu, akwai masu sauya makaranta har sau huɗu su ƙare ba digiri, akwai waɗanda ke shiga rajistar sauya sheƙa su rasa mai ɗauka, su yi biyu babu. Ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje, har da 'yan Afirka, bizar karatu ta ɗaure musu hannu wajen cin moriyar da abokan wasansu ke ci. Sai dai wannan 'yancin da kuke zagi shi ne ya ba Indiana, jami'ar da ta daɗe tana riƙe da tarihin yawan shan kashi, damar tattaro 'yan wasan da manya suka raina, ta ci wasa 16 ba faɗuwa, ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2026. A tsohon tsarinku, da manya ke jibge taurari a benci ba damar fita, da wuya a ga haka.

Maganin ruɗanin kuwa kun san shi, tsoronsa kuke yi. NFL tana da iyakar albashi, tana da ƙa'idar sauya ƙungiya, tana da kwantiragi mai ɗaure kowa, kuma babu mai kayar da ita a kotu a kan waɗannan, saboda ta zauna da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa an yi ciniki an sa hannu. Ku kuna son iyakar, kuna son ƙa'idar, amma ba kwa son zaman. 'Yan wasan Northwestern sun nemi kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014, aka yaƙe su. 'Yan kwandon Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 a 2024, aka yaƙe su. A maimakon haka kun kafa sabuwar hukuma da za ta binciki duk cinikin talla da ya kai dala 600, ta ce wannan ya yi tsada, wancan bai yi ba. Wa ke bincikar cinikin koci? Duk dokar da kuka yi wa mutum ba da shi ba, lauya na nan yana jiran ta. Ku kira su ma'aikata ko ku nemo wani sunan da ba zai tsaya muku a wuya ba, amma ku zauna da wakilansu.

A wannan zaman, lafiya ce ya kamata ta zo farko. Ƙasa da biyu cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne NFL ke ɗauka. Sauran za su koma gida da gwiwa da kafaɗa da ƙwaƙwalwar da ta sha karo. Inshorar shekara biyu bayan gama wasa da kuka fara a 2024 mataki ne, amma ciwon gwiwa ba ya duba kalanda, na ƙwaƙwalwa ma sai bayan shekaru yake bayyana. Jordan McNair na Maryland yana ɗan shekara 19 zafi ya kashe shi bayan atisaye a 2018. Likitan ƙungiya bai kamata ya zama a ƙarƙashin kocin da albashinsa ya rataya a kan yaro ya koma fili ba. Caca kuma, tun da Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofarta a 2018, jami'o'i irin su Colorado da LSU da Michigan State sai da suka ƙulla talla da kamfanoninta kafin surutu ya sa a janye. Mista Baker, ƙoƙarinka na hana yin caca a kan abin da ɗan wasa guda zai yi a fili abin yabo ne, ka ci gaba, domin yaro ne ke kwana da saƙonnin zagi daga wanda ya yi asara.

Sannan ku raba zari-ruga da sauran wasanni. Chip Kelly ya faɗi haka a 2023 yana kocin UCLA, kuma gaskiya ya faɗa. In dai dole ne zari-ruga ta bi kuɗin talabijin daga teku zuwa teku, ta tafi ita kaɗai, a bar 'yan raga da 'yan ninkaya su yi wasa da maƙwabtansu, su kwana a ɗakinsu. Ku rubuta a cikin kowace yarjejeniya cewa wasan hamayyar da ya haura shekara 100 ba ya mutuwa don wani ya sauya rukuni, ku fara da dawo da na Oklahoma. Masu zuba jari da ke zagaye ku kwanan nan suna taya kason kuɗin shigarku, ku tambaye su me za su yi da kujerar dattijon can idan suka gano ana iya sayar da ita ninki biyar.

Kuma don Allah ku riƙa faɗa mana lokacin wasa da wuri. Wasunmu aikin dare muke yi, sai mun nemi wanda zai karɓe mu.

Na gode.

Naku,
Wani ɗan kallo daga kujerun can sama